Harafin Farko na Allon Hajiya Karimatou

Litinin, 4 ga Fabrairu 1991, bayan la'asar

Littafin nan na zanen haruffa ne, amma na juya shi ta baya ina rubutu, tunda ba ni da wanda zan gaya wa. Aji uku na yi a lakwal, makarantar boko. Sauran karatuna a jikin alluna na tsince shi, a shagon Kawu Badarou, yayan mahaifiyata, wanda ya ɗauke ni ina shekara goma sha biyu bayan ta rasu. Duk wanda ya ratsa Zongo daga masallaci zuwa bakin titi ya karanta hannun Kawu, ko ya sani ko bai sani ba. Allon wanzami, na tela, na mai facin taya, duk shi ya rubuta. Mutanen gari Metir suke ce masa, wato maigidan sana'a da Faransanci.

Yau burushi ya suɓuce masa sau biyu. Na farko ya ce gumi ne. Na biyu ya kau da kai. Na ɗauka, na goge, na ajiye a gefensa kan benci kamar dama can a nan yake.

Wata na biyar ke nan da fara hakan.

Talata, 5 ga Fabrairu, da hantsi

Fourera mai koko, wadda ke ajiye tukunyarta a ƙofar shagonmu, ta fara zuba wa Kawu rabin kofi. Ba wanda ya ce ta yi haka. Da hagu yake karɓa yanzu, na daman yana cikin aljihun riga. Ta ce, “Metir, ana karɓar abinci da hagu a gidanku?” Ya ce, “Kokon naki ne bai kai a ba shi dama ba.” Ta yi dariya, ni ma na yi. Da ta juya, na ga fuskarta ba dariya a ciki.

In mai aiki ya zo, Kawu ne ke magana, shi ke auna allo da ido. Sai ya ce, “Muhuyi, fara, ina zuwa.” Ba ya zuwa.

Alhamis, 7 ga Fabrairu, bayan azahar

Bari in rubuta yadda na yi haruffan nan, don kada ni kaina in manta dalili.

Harafin Kawu yana da ciki, yana da wuya, yana da jela. Inda ya danna burushi ya yi kauri, inda ya ɗaga ya sirance kamar gashin gira. Shekara goma sha biyu ina kallo, har yau S ɗina bai kama ƙafar nasa ba. Irin wannan rubutu numfashi ɗaya ake ja, kuma sai hannu ya tsaya cak.

To a watan Nuwamba na zauna na ce, ashe ba za a yi harafin da bai damu da hannu ba? Kaya biyu kawai na ɗauka: murfin gwangwanin madara, da guntun ruwan zarton ƙarfe. Duk abin da ya lanƙwasa, murfin ne. Duk abin da ya miƙe, zarton ne, kuma faɗinsa shi ne kaurin kowane layi, ba ƙari ba ragi. O da'ira ce cikakkiya. C, O ne da aka buɗe wa ƙofa. Harafin A rufin ɗaki ne kawai, na cire masa sandar tsakiya. E sanduna uku ne a kwance, babu ginshiƙin baya, ido ne ke ƙarasa shi. S ya ci mini kwana tara, don rabin murfi biyu in sun haɗu, na saman yakan yi kamar zai kife. Sai da na rage shi da kaurin farce ya zauna.

Na yanke su a jikin baƙar ledar hoton ƙirji ta asibiti, wadda wata tsohuwa ke sayarwa a Tokpa-Hoho. Ba ta jiƙa, ba ta yagewa. In na ɗaga ta sama, ina ganin haƙarƙarin wani bawan Allah a bayan harafina. Kowane O sai na bar masa 'yar gada sama da ƙasa, in ba haka ba cikinsa ya faɗo.

Aikin ke nan: a manna leda a allo, a tsoma guntun soso a fenti, a yi ta dangwalawa. Dangwale ba ya neman tsayayyen hannu. Hannun da ke rawa ma, ai dangwale yake yi da kansa.

Ga shi na rubuta. Hannun Kawu rawa yake yi.

Ranar da na nuna masa, ya daɗe yana kallo. Ya ce, “Wannan rubutu ne ko awon tela?” Na ce rubutu ne, Kawu. Ya ce, “Harafi ba wuya ba ƙugu, sai ka ce a gareji aka haife shi. Kwashe mini.”

Ban gaya masa don wa na yi ba. Na ɗauka ya gane. Ina jin ya gane.

Asabar, 9 ga Fabrairu, bayan magariba

Abin da na yi wa mutum ɗaya, gari ya zo ya karɓe.

Na fara gwada su a allon gidan bidiyo na bayan tasha, don mai wurin ya ce yana son abu kamar na fim ɗin masu zuwa wata. Tun daga nan ba mu huta ba. Kowa sabon abu yake so yanzu. Tun da aka yi babban taron ƙasa bara, jam'iyyu sun fi shagunan tela yawa, kowace tana son zane mai faɗi. Masu zemijan, wato baburan haya, suna son lamba a bayan riga, kuma haruffan suna karantuwa daga nesa ko babur na gudu.

Yau ɗalibai biyu suka zo daga jami'ar Abomey-Calavi, za su fito da jarida, suna son sunanta a sama. Ɗaya mai tabarau ya ce, “Metir, waɗannan ai haruffan shekarar dubu biyu ne! A shekarunka ka hango gobe, mu muna nan muna barci.” Ya kama hannun Kawu zai girgiza. Kawu ya ba shi na hagu, ya yi murmushi.

Sun so in yi musu labarin ciki ma da haruffan. Na ce ba zai yi ba. In suka ƙanƙance, C da O da G duk su zama ɗaya, ido ya gaji kafin layi uku. Na kalma ɗaya ne ko biyu, manya. Ihu suka iya, ba su iya hira ba.

Tun da suka tafi ake ce wa haruffan Dubu Biyu. Fourera ma ta kama.

Litinin, 11 ga Fabrairu, da hantsi

Hajiya Karimatou ta zo.

Babbar mai atamfa ce a kasuwar Dantokpa. Yanzu za ta buɗe gidan fotokofi a bakin titi, ta ce zamanin takarda ya zo, kowa na da abin da zai raba wa jama'a. Tana son allo mai tsawon taku shida, da sunanta, da Dubu Biyu.

Har na fara murna. Sai ta ce, “Amma fa da harafin farko, Metir. Kamar na Mama.”

Shagonmu yana da al'ada, Kawu ya gada wurin nasa maigidan. In sabon wuri za a buɗe, mai wurin yakan zo da safe da goro, a jingina allo a ƙofa a gaban jama'a, Metir ya yi bismillah ya aza harafin farko da hannunsa, mai wuri yana tsaye yana kallo. Sauran haruffan ko wa ya ƙarasa. Mutane sun yarda kasuwar tana bin wannan harafin. Tun da abin nan ya fara ba a nemi haka ba, 'yan jam'iyya ba ruwansu da albarka, sauri suke.

Ta ce, “Allon da ka yi wa Mama a sittin da takwas yana nan a rumfata. Fenti ya koɗe, amma L ɗin Lubabatu ko gezau. Ina 'yar yarinya ina riƙe da farantin goro ranar. Ka ja shi haka, fiii, ko numfashi ban yi ba.”

Kawu ya ce, “Hajiya, yanzu ai yara ke aiki. Ga Muhuyi.”

Ta dube ni sama da ƙasa. “Muhuyi ɗana ne, Allah ya yi masa albarka. Amma ba a wurinsa Mama ta samu ba. Ko ka fara tsada ne, tsoho? An ce 'yan siyasa sun ɗaga maka kai.”

Ya yi dariya. Ya ce wace rana. Ta ce Alhamis, ashirin da takwas ga wata, don ta buɗe kafin zaɓen shugaban ƙasa.

Ya ce, “Allah ya kai mu.”

Talata, 12 ga Fabrairu, bayan azahar

Saura kwana goma sha shida.

Alhamis, 14 ga Fabrairu, bayan la'asar

Aikin bango yau. Doguwar katangar nan ta kusa da layin dogo, inda Kawu ya rubuta kalaman juyin juya hali da jan fenti lokacin ina sabon zuwa. Ni na riƙe masa tsani. Ba don yana so ya rubuta ba, shugaban unguwa ne ya aiko, kuma a lokacin ba a cewa a'a. Amma da ya hau tsanin, ya yi shi kamar na masallaci.

Samarin wata jam'iyya sun shafe da farar ƙasa, suka ɗauko ni in aza nasu. Farar ba ta yi kauri ba. Ina manna leda, ina ganin jelar R ɗin Kawu tana leƙowa ta ƙasa, ja-ja, kamar ciwo a ƙarƙashin bandeji. Na ce su ƙara shafi ɗaya. Suka ce ba lokaci.

Na dangwala a kai. Awa biyu na gama abin da ya ci masa kwana huɗu.

Da na dawo ya ce, “Ya yi kyau?” Na ce ya yi. Ya ce, “Wace katanga ce ma?” Ya sani sarai.

Juma'a, 15 ga Fabrairu, bayan masallaci

Wani masunci daga Placodji ya zo a rubuta wa kwalekwalensa suna. Na nuna masa Dubu Biyu. Ya karkata kai, ya ce da Faransancinsa na bakin teku wai waɗannan ba su san ruwa ba, in igiya ta ɗaga su karyewa za su yi. Na tsohon yake so, masu jela.

Wallahi na ji daɗi. Na juya in ga ko Kawu ya ji. Ya ji. Ya ce wa mutumin aiki ya yi mana yawa, ya dawo bayan zaɓe.

Mutumin ya tafi. Kawu ya bi shi da ido har ya sha kwana.

Lahadi, 17 ga Fabrairu, da yamma

Mun je zaɓen 'yan majalisa. Layi har bakin kwata, mata da kujerunsu, wani tsoho yana ta kuka wai bai zaci zai ga wannan rana ba. A teburi, mai iya rubutu ya sa hannu, wanda bai iya ba ya dangwala yatsa. Yarinyar da ke riƙe da rajista ta san Kawu, ta miƙa masa biro da hannu biyu, ta ce, “Metir, yau rajistarmu za ta yi ado.”

Ya ce ya manta tabarau. Ya dangwala yatsa.

Kawu ba ya sa tabarau.

Talata, 19 ga Fabrairu, bayan azahar

Na kai cefane gida, na tarar da Inna Saoudatou, matar Kawu, tana ɗinke maɓallan rigunansa tana mayar da su manya. Na tsuguna na gaishe ta. Na ce, “Inna, me likita ya ce?”

Ta ce, “Wa ya ce maka mun je likita?”

Ta ci gaba da ɗinki. Can ta ce, “Sau uku. Da na asibiti, da na Malam, da wani ganye da aka kawo daga Djougou. Kada ka tambaye ni sunan abin, ban riƙe ba, ba na so in riƙe. An ce ba ya komawa baya.”

Na ce ranar Hajiya fa?

Ta ajiye allura. “Ya ce in ya tsaya gaban Zongo burushi ya yi masa rawa, gara a fitar da shi a makara. Na ce to ka ce ba ka da lafiya, ka kwanta. Ya ce bai taɓa guje wa allo ba. Kai kuma da ka yi abin naka na leda, ka ajiye kana kallonsa kamar maraya. Ka buɗe baki mana, Muhuyi! Haƙurin nan naka wani lokaci har haushi yake ba ni.”

Laraba, 20 ga Fabrairu, da safe

Na buɗe baki, na ce, “Kawu.” Ya ce, “Na'am.” Na ce farin fenti ya kusa ƙarewa.

Juma'a, 22 ga Fabrairu, da hantsi

Na zo buɗe shago da wuri, na tarar a buɗe. Ban shiga ba, na tsaya ta jikin taga.

Ya shimfiɗa tsofaffin jaridu a ƙasa, yana durƙushe. K yake ja, harafin farko na sunan Hajiya. Ya riƙe wuyan hannun dama da na hagu. Sandar farko takan fara daidai, kafin ta kai rabi sai ta zama kamar sawun tsutsa a yashi. Ya ture, ya jawo wata jaridar. Na ƙirga goma sha ɗaya, na daina.

Na koma bakin masallaci na zauna har rana ta fito. Da na dawo ya share wurin tas, yana zaune yana jiran koko. Akwai baƙin fenti a gwiwar wandonsa.

Asabar, 23 ga Fabrairu, bayan la'asar

Na faɗa. Ban san yadda ya fito ba. Na ajiye ledar K da soso a gabansa, na ce, “Kawu, don kai na yi su. Tun farko don kai ne. Dubu Biyu Hajiya ta ce, kuma Dubu Biyu haka ake yin sa. Ba wanda zai ce komai.”

Ya dube ni har na sunkuyar da kai.

“Ni za ka koya wa dangwale? Shekara arba'in ina jan layi, sai yau in koma mai shafa wa waina mai?”

Na ce, “Ka yi haƙuri.”

“Wa ya ce maka wani abu na damuna?”

Na tsura wa soso ido.

“Ina tambayarka, ɗan Ladi!”

Bai taɓa kirana da sunan mahaifiyata ba sai yau. Ya tashi zai fita, ya tsaya a ƙofa yana neman sa takalmi, takalmin yana zamewa. Na so in durƙusa in riƙe masa. Ban yi ba. Da na yi, da ya fi zafi.

Lahadi, 24 ga Fabrairu

Ba ya yi mini magana. A faranti ɗaya muka ci tuwo.

Talata, 26 ga Fabrairu, bayan azahar

Kafinta ya kawo allon Hajiya, na shafe shi da shuɗi. Yana jingine ya cika rabin shago, duk inda mutum ya juya shi yake gani.

Wajen ƙarfe sha ɗaya, ba kowa, Kawu ya ce ba tare da ya dube ni ba, “Kawo abin naka.”

Na manna masa K a guntun katako. Na nuna masa kada soso ya sha fenti da yawa, don kada ya zurara ta ƙarƙashi. Ya karɓa da dama. Hannun yana ta abinsa, soso yana sauka tif-tif-tif, ko ni ban kai shi sauri ba. Na ɓare leda.

K ya fito tsaf. Baki kamar an yanka da reza.

Na ji hawaye ya taho mini. Na ce, “Ka gani, Kawu! Wallahi ko injin ba zai fi haka ba!”

Ya ɗaga katakon, ya kai shi bakin ƙofa wurin haske, ya daɗe. Sai ya ce, “Mutum kwana nawa zai yi ya koyi wannan?”

Ni kuma don in ƙarfafa masa zuciya na ce, “Kwana? Ai ko yanzu aka kira mai wucewa zai yi.”

Ya ce, “To.”

Murna ta hana ni jin wannan to ɗin. Sai yanzu da nake rubutawa na ji shi.

Laraba, 27 ga Fabrairu, bayan magariba

Gobe. Na wanke ledoji tara, na shanya. Inna ta goge masa farar riga.

Alhamis, 28 ga Fabrairu, bayan la'asar

Zan rubuta yadda ya faru, bi da bi.

Hajiya ta zo ƙarfe takwas da goro cikin faranti mai murfi, da ƙawayenta uku na kasuwa. Muka fito da allo muka jingina. Wanzami ya bar kan mutum rabi ya fito, masu zemijan suka kashe babura. Sun kai mutum talatin.

Na auna, na manna K. Hajiya ta ce, “A'a, yau ba burushi?” Na yi sauri na ce Dubu Biyu haka ake yin sa. Ta ce, “To, zamani.”

Kawu ya yi bismillah a bayyane. Ya tsaya dab da allo, jikinsa ya kare hannun. Tif-tif-tif. Na ɓare. Fari sol a kan shuɗi, ba ɗigo ko ɗaya. Mata suka rangaɗa guɗa. Hajiya ta ce, “Allahu akbar! Metir, hannun nan naka ba ya tsufa. Masu cewa ka gaji, yau sun ji kunya.”

Na sauke numfashi. Na ce a raina shi ke nan, mun haye. Har na kai hannu zan karɓi soso.

Bai ba ni ba. Ya ce, “Muhuyi, manna A.” Na manna. Ya miƙa wa Hajiya soso da hagu. “Hajiya, taɓa mana.”

Ta ce, “Ni? Rufa mini asiri, ko sunana da ƙyar nake sa wa a banki.” Ya ce ta taɓa dai. Ta tattare mayafi, ta dangwala tana ƙyalƙyala dariya, awarwaronta na ƙara. Na ɓare. A ya fito tsaf.

Aka yi tafi. Ya ce, “Manna R. Fourera, ajiye ludayin nan ki zo.” Fourera ta ce, “Metir, bar ni da kokona.” Ita kaɗai ce ba ta dariya. Jama'a suka turo ta. Ta yi. Na ɓare.

K, A, R. Uku a jere, kamar uwa ɗaya ta haife su.

Kawu ya ja da baya, ya ce, “Hajiya, duba da kyau. Wanne ne nawa?”

Ta ce, “Ai na farkon.”

“Don kin ga lokacin da na yi. In kin dawo gobe da baƙo, zai nuna miki?”

Dariya ta fara mutuwa. Sai ya fito da hannun dama, ya ɗaga shi a gaban kowa, a buɗe, ba riƙo. Ban taɓa ganin sa a fili haka ba, ko ni. Yana kaɗawa kamar ganye.

Ya ce, “Ga nawa. Wata shida ke nan. Haruffan nan kuma ba ni na yi su ba, yaron nan ne, shi kaɗai. Kin kawo goro don hannun Badarou, ba zan karɓa a kan abin da ba shi ba ne.”

Hajiya ta rufe baki da mayafi. Da ta sauke, idonta ya yi ja. Ta ce, “Muhuyi, shafe duka. Kawo masa burushi. Metir, ka ja mini K ɗinka yadda ya fito, ko ya karkace, ko ya yi rawa. Haka nake so, haka zan kafa shi a bakin titi. Wallahi da gaske nake.”

Na san da gaske take. Na ruga na ɗauko burushin, na tsoma, na miƙa masa. Ya dube shi. Na ga yatsunsa sun matso.

Ya ce, “Uwarki ban ba ta karkataccen harafi ba. Ke ma ba zan ba ki ba.”

Ya sa hannu a aljihu, ya ratsa mutane, suka buɗa masa hanya. Ya nufi gida a hankali cikin farar rigarsa.

Hajiya ta bar goron a kan benci. Ni na ƙarasa sauran haruffa shida.

Juma'a, 1 ga Maris

Bai zo ba.

Asabar, 2 ga Maris, bayan azahar

Bai zo ba. Fourera ta zuba rabin kofi, ta tuna, ta mayar cikin tukunya.

Lahadi, 3 ga Maris, da yamma

Yana zaune a tsakar gida kan tabarma, hannun a kan gwiwa, a fili. Ya daina ɓoye shi. Maƙwabta suna ta shigowa sannu, har da waɗanda ba su taɓa taka gidan ba. Inna ta ce ya fi cin abinci yanzu, ban sani ba ko don in ji sanyi ta faɗa.

Da aka watse na matsa kusa. Na ce, “Kawu, in ƙone ledojin?”

Ya ce, “Ka ƙone su ka ci me? Kai da Innarka da ni.”

Na ce, “Laifi na yi.”

Ya ce, “Da aikin banza ka yi, da na zage ka, na gyara maka, gobe mu koma shago tare. To ba na banza ba ne. S ɗin nan naka na duba shi, ka rage na sama. Ban koya maka wannan ba.”

Na ce, “A wurinka na gani.”

Ya laluba aljihu da hagu, ya fito da mabuɗin shago, nasa, mai igiyar fata. Ya ajiye a tabarma tsakanina da shi. Na ce ina da nawa. Ya ce ya sani.

Na ce ko zama kawai ya riƙa zuwa yi, ya auna allo da ido, ya yi magana da mutane. Ya ce, “In zauna ina kallon ana dangwale? Bar ni a nan, Muhuyi. A nan ba abin da nake gani sai kaji.”

Ban ɗauki mabuɗin ba. Da na zo fita, na same shi a cikin takalmina.

Talata, 5 ga Maris, da hantsi

An kafa allon Hajiya. Daga kan gada ana karanta shi.

Wani mutum ya zo da zane mai tsawon taku goma, na taron ranar Juma'a, yana sauri, babur ɗinsa ko kashewa bai yi ba. Ya leƙa ciki ya ce, “Ina Metir?”

Na ce yana gida, ba ya jin daɗi.

Ya ce, “Allah ya sawwaƙe. Ba komai, ai haruffan nake so.”